Dawar da Na Shuka a Hanyar Haskenka

Malam,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarsa, Ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba inda za ta. Ba mai kai maka ita, kai ma ba tashi za ka yi ka karanta ba. Amma bakina ya cika, kuma ban saba juye wa kowa ba sai kai. Da kana nan da tuni ka ce in sassauta murya maƙwabta na ji. To yau da biro na zo, sai ka haƙura ka bar ni in kai aya.

Yara lafiya ƙalau. Husna ta gama sakandare, kuma ta kafe a kan irin karatunka za ta yi, na rasa ko in yi murna ko in yi kuka. Auta ya daina tambayar yaushe za ka dawo daga asibiti, kuma wallahi shirun nasa ya fi tambayar ciwo. Inna mahaifiyarka tana nan a Indabo da ciwon ƙafarta, kullum sai ta yi maka addu'a ta haɗa da faɗa, wai ka yi mata wayo ka riga ta. Ni na koma aji, ina nan ina fama da 'yan matan makarantarmu da lissafin da ba sa so. Mai kifin nan na bakin gada har yanzu in ya gan ni sai ya ƙara mini gutsure, ya ce na Malam ne.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar Dakta Ashiru ce, abokin aikinka a jami'a, shugaban sashenku, wanda ka riƙa kira ɗan'uwa ina harararka. Ka tuna ranar ƙarshe da muka yi zancensa, ka kama hannuna ka ce a bar wa Allah? Ka ɗauka na amsa. Ban amsa ba, Malam. Shiru na yi, kuma ka fi kowa sanin shiruna ba alheri ba ne.

Bari in tuna maka abin da ya ɗauke maka, don kai kana iya cewa ba komai ba ne.

Shekara da shekaru kana hawa saman benen sashenku kana fama da hasken na'urar nan da kuke kira lesa. Kana harba shi siriri daga can, ya ƙetare kogi da gonaki, ya je ya bugi madubin da ka kafa a kan tankin ruwan Indabo, ya dawo maka. Da na ce ban ga wahalar haska madubi ba, yara ma suna yi da rana, sai ka ja ni bakin murhu ka ce in dubi bango ta saman wuta. Na ga bango yana rawa. Ka ce haka iska take yi wa duk hasken da ya ratsa ta in ƙasa ta ɗauki zafi, ta karkatar da shi nan, ta wurga shi can, har ya kauce wa inda aka aike shi. Aikinka shi ne ka hana shi rawar. Ka haɗa ɗan madubi da bai fi ƙwandala ba, wanda yake motsi fiye da ƙiftawar ido, duk inda iska ta ture hasken sai ya mayar da shi kan hanya. Ka ce ranar da ya tsaya cak za a aika saƙo a cikinsa ba tare da an binne waya ko ɗaya ba, za a auna nisan wuri da wuri har a gane bambancin da bai kai kaurin gashi ba, za a daidaita agogon gari biyu su riƙa tafiya tamkar ɗaya.

Na yi kamar ban damu ba, na ce tuwona zai ƙone. Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: na gane sarai, kuma ranar na ji kaina ya yi girma da na zama matarka. Me ya hana ni faɗa? Ban sani ba. Ina jin ina tsoron kada ka ƙara daɗewa a saman benen nan ne.

A lokacin me Ashiru yake cewa? Wasan tocila. Haka yake kiran aikinka a gaban ɗalibai. Kai kana saman bene rana na gasa ka har ka yi baƙi kamar gindin tukunya, shi yana ofis ƙarƙashin fanka yana karanta jarida. Kai ka bi hanyar hasken nan da ƙafa tun daga bakin kogi har tanki, wanka Yaya Haladu na riƙe maka doguwar gora kana auna inda ya yi sama da inda ya yi ƙasa. A nan ka gano duk tsawon hanyar ba inda hasken ya fi kusa da ƙasa kamar kan gonar tudu ta mahaifinku. Da aka zo rabon gado ka bar wa 'yan'uwanka fadama mai albarka, ka roƙi a ba ka wannan jigawar. Na yi maka faɗan da har na ƙi cin abinci. Ina da gaskiya ta wani ɓangaren, don fadamar ta fi ta nesa ba kusa ba.

Kuma kowace shekara gyaɗa kake shukawa a wurin, gyaɗa dai, gyaɗa dai, har mutanen Indabo suka sa maka Dakta mai ƙuli-ƙuli. Dalilinka biyu, ni da Yaya Haladu muka san su: gyaɗa ba ta tashi sama balle ta tare hanya, kuma tana lulluɓe ƙasa ta hana ta yin zafin da zai sa iska rawa. Ba ɓoyewa ka yi ba, ba dai wanda ya tambaya. Duk kaka sai ka aika wa Ashiru buhun gyaɗar nan har gida. Ya ci, iyalinsa suka ci, suka yi mai, suka yi tunkuza. Bai taɓa tambayar a wace gona ta fito ba.

Da hasken ya fara tsayawa, masana daga ƙasashen waje suka fara rubuto maka, sai ga Ashiru ya zama ɗan'uwa. Sai ga shi a gidanmu ranar Juma'a da ledar lemo. Na ce maka wannan murmushin nasa bai kai ciki ba. Ka ce in daina zato, zato zunubi ne. To ga shi nan, wa ya yi gaskiya?

Ciwon ƙoda ya kwantar da kai a Kano. Ya zo duba ka da lemonsa, ya zauna a bakin gado yana jimami, ya ce ka ba shi makullin ɗakin saman bene kada na'urori su lalace da zama. Ina tsaye ina yi maka alama da ido, ka kawar da kai, ka ce in ciro a aljihun rigarka. Da hannuna na miƙa masa. Da ka ɗan samu sauƙi muka dawo Wudil, ka lallaɓa ka hau benen nan kana hutawa a kowane hawa, ka tarar an canja kwaɗon ƙofa. Ka dawo gida ka zauna a bakin gado ko takalmi ba ka cire ba. Ranar ce ka ce a bar wa Allah. Likita ya ce ƙoda ce ta kai ka, na yarda kwana ne ya ƙare, amma ni na ga abin da ya fita daga idonka ranar kwaɗon nan, kuma bai dawo ba har ka cika.

Ina jin haushinka, Malam, gara in faɗa. Haƙurinka ya yi yawa. Ka bar mini yara, ka bar mini kewa, sannan ka so ka bar mini haƙurin da ni ba a halicce ni da shi ba. Wa ya ce maka duk wanda aka mara sai ya ce Allah Ya isa ya koma ya zauna?

Ranar ta'aziyya ba wanda ya kai Ashiru kuka. Har sai da liman ya dafa shi. Ya aiko da buhun shinkafa, na sa aka raba wa maƙwabta, ko ƙwaya ba ta shiga tukunyata ba. Ina cikin takaba, ba fita ba shiga, wata safiya na kunna rediyo sai na ji muryarsa. Yana ta bayanin na'urar da ya ƙirƙira, wahalar da ya sha, ranar da ta gasa shi a saman bene. Har misalin murhun nan ya bayar, wanda ka ba ni a tsakar gidana. Na saurara daga farko har ƙarshe ko zai ambace ka ko da a matsayin mai riƙe masa tsani. Bai yi ba. Daga baya Husna ta je karɓo littattafanka, ta dawo idonta jawur, ta ce an kafa allo a gindin bene da sunansa da manyan baƙaƙe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka san tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa kiran sunanka ba. Malam nake cewa, kamar yadda na ga uwata tana yi. Ko a asibiti in an tambaye ni sunan maigida sai dai in rubuta a takarda in miƙa. Sunan da na riƙa tattali haka, na ƙi barin ko harshena ya taɓa shi, shi ne wani ƙato ya sa hannu ya goge.

Da na fita takaba na je inda ya kamata a je. Aka ba ni kujera, aka yi mini gaisuwa, aka ce na'urori ai na makaranta ne, aiki kuma na sashe ne, in yi haƙuri za a duba. Matan unguwa suka ce in rufa wa kaina asiri, mace da marayu ina ita ina ja da manya. Na ce to. Na koma gida na jira ruwa.

Ruwan shuka ya sauka, sai ga Yaya Haladu ya zo yana tambaya ko a nemo irin gyaɗa kamar kullum, tunda gonar tudu ta zama ta yara kuma ni ce mai faɗa a ji a kanta. Na ce masa bana dawa za a shuka. Kuma ba gajerar nan ta zamani ba, kaurar Inna nake so, doguwar nan da sai an kwantar da ita ake kaiwa ga zangarniya. Shi ya riƙe maka gora, ya san tsayin komai a tudun nan. Bai ce mini don me ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne a yi ta da tazara ko a matse, na ce a matse. Daga baya na ji ya je kara, kasuwar dabbobi, ya ɗebo takin shanu amalanke bayan amalanke, ya zuba a daidai inda hasken yake bi, ba tare da na sa shi ba. Ashe shi ma yana da nasa ciwon, bakinsa ne dai ba ya buɗewa.

Malam, ban taɓa roƙon ruwa kamar na bana ba. Duk Asabar sai na hau mota na tafi Indabo, in gaida Inna, in zarce gona. Na ga dawar nan tana gwiwata, na ga ta kai kafaɗata, na ga ta shanye Yaya Haladu har da hularsa. Ina tsaye a tsakanin kunyoyin gonar ina yi mata kirari a zuci kamar wadda ɗanta ya shiga dambe. Mutanen gari suna cewa matar Dakta ta fi Dakta sanin noma, ga albarka ta sauka a jigawar da aka raina. Ni dai sai in ce Allah Ya sa mu ci lafiya.

Labarin abin da ke faruwa a saman bene kuwa Maryam ke kawo mini, ɗalibarka mai neman digiri na biyu, wadda ka ce ta fi mazan kai. Wajen ƙarshen damina hasken ya fara yi musu gardama. Da safe in gari ya yi tsit yana zuwa ya dawo lafiya. Da iska ta motsa sai ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke. Kan dawa ne ke kaɗawa yana shiga hanya yana fita, amma a fuskar kwamfuta kamanninsa ɗaya da rawar iskar da ka yi rayuwarka kana yaƙa. Ashiru ya ce iska ce. Da abin ya ƙi, ya ce ɗan madubinka ne ya gaji, ya sa aka kwance shi aka mayar. Ya ce ɗalibai ne suke taɓa abin da ba su sani ba, ya zage su tas. Ya aika aka goge madubin tanki har ya kusa ƙoƙewa. A cikin ofis, in ba baƙo, yana cewa dama marigayi bai haɗa abin da kyau ba. Ka ji? In ya yi kyau nasa ne, in ya lalace naka ne.

Ka tuna abin da kake fara yi kowace safiya kafin ka kunna komai? Sai ka durƙusa ka sa ido a tabaron hangen nesan da ke jikin na'urar, ka bi hanyar da kallo har tanki. Kana cewa wanda bai dubi hanya ba ba ya aiken ɗa. Ka koya wa ɗalibanka, kuma duk sun duba, duk sun ga abin da ke can. Ba wanda ya buɗe baki. Maryam ta ce sun haɗa ido ne kawai suka ci gaba da goge-gogensu. Shi kuwa Ashiru, babbar riga ba ta durƙuso, bai taɓa sa idonsa a wurin ba. Fuskar kwamfuta yake kallo yana tsaki.

Akwai abin da zan gaya maka a nan, kada ka ɗauka zuciyata dutse ce. Wata ranar na yi yamma a gona, rana ta faɗi, ana shirin kiran magariba. Na ɗaga kai sai na ga koren hasken nan naka da kake saita hanya da shi, ya buɗe kamar faifai, yana kwance a kan zangarniyoyi yana motsi a hankali. Ya taso tun daga Wudil, ya ƙetare kogi, ya zo gonarka ya tsaya. Na zauna a kan kunya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Na san aikinka nake shaƙewa da hannuna. Na san in abin ya daɗe za su iya cewa na'urar ta mutu, su kwance ta su zuba a sito, shi ke nan ba kai ba Ashiru. Na yi tunanin in sa a sare layin nan da safe. Sannan na tuna kwaɗon nan, da takalminka da ba ka cire ba. Na share hawayena na ce gara hasken ya kwana a wurina da ya koma wa ɓarawo.

Sai ranar baƙi ta zo. Ashiru da kansa ya sa ranar tun kafin damina, ya gayyato manya daga Kano da Abuja da masanan nan na waje, don a ga abin da ya ƙirƙira. Ya zaɓi lokacin kaka saboda sama ta fi haske. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ina zai tuna lokacin ne dawa take cika tsayi? Aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka hau bene. Aka kunna. Ko ɗigon haske bai dawo ba. Maryam ta ce ya danna nan ya danna can, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya fara ba su labarin yadda iskar ƙasarmu take da wuyar sha'ani.

Cikin baƙin akwai wata dattijuwa Baturiya, wadda kuka daɗe kuna musayar saƙo, wadda aka gaya wa wai kai mai taimaka masa ne da Allah Ya yi wa rasuwa. Ta tattare siket ɗinta ta durƙusa ta sa ido a tabaron nan, kamar yadda kake yi. Ta daɗe. Ta ɗago ta tambaye shi wace irin shuka ce wannan, kuma wa ya auna hanyar tun farko, bai san akwai tudu a tsakani ba? Ashiru ya ce ai fili ne fetal. Ta matsa ta ce ya duba da kansa. A gaban manyan nan duka, da babbar rigarsa, ya durƙusa a karon farko, ya ga kaurar Inna tana kaɗa masa kai. Nan Maryam ta buɗe baki ta faɗi gonar wa ce, da wanda ya bi hanyar da ƙafa, da dalilin gyaɗa, har da buhun da ake kai wa shugaban sashe duk shekara.

Da ta ba ni labari sai da na sa ta maimaita. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, na tashi na dafa mata shinkafa da kaza. Kada ka ɓata fuska. Na ji daɗi, kuma ba zan yi ƙaryar ban ji ba.

Daga nan aike ya fara. Ashiru ya turo matarsa da turare da atamfa, na karɓe ta hannu bibbiyu don ba ita ta yi mini ba, na mayar mata da kayanta. Ya turo a ce zai sayi amfanin gonar tun yana tsaye, na ce ba na sayarwa ba ne. Ya je wa dagaci, dagaci ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa jin an sare dawa tana cikin ɗaukar ido ba, balle ta marayu, in yana da ƙarfin halin ya je ya nemo wanda zai yi. Ya kuwa nema. Ya ɗebo 'yan ƙwadago daga Utai da addunansu don su rage mata kai. Suna isa suka tambayi gonar wa ce, aka gaya musu, suka saɓa addunansu suka juya. Ɗayansu ma ya ce a gaya wa wanda ya aiko su cewa wuta ba ta da sauƙi.

Su kuma baƙi sun koma da maganar a bakinsu, makaranta ta ga ba yadda za a binne ta. Sai ga Ashiru da kansa a zaurenmu wata ranar Juma'a, ba lemo. Na bar shi ya zauna har ya gaji da gyara zama. Ban fito ba, daga bayan ƙofa na yi magana, Yaya Haladu na tsakani. Ya fara da cewa kai ɗan'uwansa ne, na ce ya tsallake wannan. Na gindaya masa abu biyu. Allon nan a sauke shi a rubuta sunan mai aiki. Sannan ya koma gidan rediyon nan, shirin nan dai da ya yi ƙarya a cikinsa, ya faɗi da bakinsa wanda ya ƙirƙiri na'urar. In ya yi, da zarar dawa ta nuna za mu girbe. In bai yi ba, ko mun cire zangarniya karan zai kwana a tsaye har wata damina, kuma ina da niyyar dasa maka darbejiya a tudun nan, sadaka mai gudana, in ga wanda zai hana.

Ya yi, Malam. Na zaunar da yara a gaban rediyo, na aika aka kunna wa Inna tata a Indabo. Ya yi ta kewaye-kewaye, aiki na haɗin gwiwa ne, kaza ne, kaza ne, amma mai shirin ya matsa masa, daga ƙarshe ya furta sunanka kamar mai haɗiyar maɗaci. Auta ya yi tsalle ya ce Babanmu ne. Na ji an ce ya ajiye shugabancin sashe, wai don lafiyarsa. Allah Ya ƙara masa irin wannan lafiyar.

Shekaranjiya Husna ta raka ni gindin benen. Sabon allo na nan, fentinsa ko bushewa bai gama ba. Ɗalibanka suka taru, wasu malamai suka fito. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na karanta sunanka da ƙarfi, a gaban maza, a gaban 'yarka, sunan da ban taɓa furtawa ba kana raye. Husna ta zaro ido ta rufe baki. Na sake karantawa.

Jiya muka yi girbi. Ni na karɓi magirbi na kwantar da karan farko, a daidai inda na ga hasken ranar nan. Kafin la'asar tudun ya buɗe. Dawa ta yi albarkar da Yaya Haladu ya ce sai an ƙara rumbu, an fitar da zakka, na sa a kai wa Ashiru dami ɗaya har gida, tunda ya saba cin amfanin gonar. Da magariba Maryam ta kira ni a waya, ta ce hasken ya je ya dawo, ya tsaya cak kamar an kafa shi da ƙusa. Ita ce ke riƙe da makullin yanzu. Baɗi in Allah Ya kai mu gyaɗa za a shuka, kamar yadda kake so.

Amma kada ka ɗauka na yafe. Kai ka yafe naka tun kana da rai, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Nawa yana nan. Na zaɓi zangarniyoyi mafiya tsayi da ƙwari, na ɗaure su na rataye a saman murhu inda hayaƙi zai hana su ƙwaro. Duk wanda ya shigo kicin ɗina zai gan su. Na nuna wa Husna, na gaya mata ko bayan raina, ranar da wani ya sake kai hannu kan allon nan, ta san inda iri yake, ta san hanyar kara, ta san lokacin da ruwa yake sauka.

Ka huta lafiya. Allah Ya jiƙanka, Ya sa haske a kabarinka wanda ba abin da zai tare shi, Ya haɗa mu a inda ba a canja kwaɗo. In mun haɗu ka yi mini faɗan, zan saurara, amma ba zan ce na yi nadama ba.

Sai mun zo, Nafi'u.

Matarka mai taurin kai,
Sa'adatu